Na je gidan Lincoln a Springfield, na kyautan ya fi na dala 15 shiga raina

Duk wanda ya tambaye ni me na gani a tafiyar nan sai in ce masa gidan wani lauya na je, sai a kwashe da dariya a ce Barista kai ko Amurka aka kai ka sai ka nemo kotu. To gaskiya ce ai. Sati uku na yi a Shikago wajen yayata, an kai ni bakin tafki an kai ni dogayen benayen nan an ɗauke ni hoto har kumatuna suka gaji, amma ranar da ta zauna min a rai ita ce wadda na tasa ɗanta a gaba muka hau jirgin ƙasa zuwa Springfield, babban birnin jihar Illinois, garin da Abraham Lincoln ya yi kusan shekara 24 a cikinsa kafin a zaɓe shi shugaban ƙasa. Bari in rubuta yadda wurin yake sabida masu zuwa, don yini ɗaya muka yi kuma ni kaina ban tsara ranar da kyau ba, kar wani ya maimaita kuskurena.

Jirgin Amtrak muka shiga daga Union Station, shi kansa jirgin sunansa Lincoln Service, to ka ga tun daga nan an fara. Awa uku da ɗoriya, kujera mai faɗi, akwai wurin cajin waya, hagu da dama ba abin da kake gani sai gonakin masara a shimfiɗe kaman an goge ƙasar da dutsen guga. Yaron ya sa abin kunne ya yi barcinsa. Abin da ya fi min daɗi tashar a tsakiyar gari take, kana sauka komai da ƙafa za ka je, kabarin ne kawai ke buƙatar mota.

Gidan tukuna, don shi ne dalilin rubutun. Yana kusurwar titi na takwas da titin Jackson. Shiga kyauta ne, sisi ba za ka biya ba, amma fa ba zuwa za ka yi ka tura ƙofa ba, sai ka fara zuwa ofishin karɓar baƙi da ke kusa ka karɓi tikiti, a jiki an rubuta lokacin da za a shiga da ku, kuma wanda ya riga zuwa shi ake fara ba. Shawarata kana sauka daga jirgi ka wuce can kai tsaye ka karɓa sannan ka yi yawonka. Dalilin kyautar ma labari ne, babban ɗansa Robert ne ya ba jihar Illinois gidan a 1887 da sharaɗi biyu, a kula da shi kuma kar a taɓa karɓar kuɗin kowa a bakin ƙofa, daga baya a 1972 ya koma hannun hukumar gandun daji da wuraren tarihi ta tarayya kuma har yau sharaɗin na nan. Ni da aikina kullum rabon gado da wasiyyar da magada ke takewa kafin a share makoki, ka san wannan ya taɓa ni.

Ba gidan kaɗai aka adana ba, unguwar ce sukutum, layi huɗu, an hana mota shiga, titin tsakuwa ne gefen tafiya kuma katako, gidajen maƙwabta na nan an gyara su yadda suke wajen 1860. Shi gidan na katako ne mai bene, ruwan ƙasa, tagogi da marufi kore, a jikin ƙofa ɗan ƙaramin allo A. Lincoln, shi ke nan. Wallahi da a Nasarawa GRA yake ba wanda zai waiga ya kalle shi sau biyu. A 1844 ya saye shi dala 1,500 daga hannun limamin cocin da ya ɗaura masa aure da Mary Todd a 1842, lokacin ma ƙaramin gida ne, sai wajen 1856 da aikin lauya ya fara kawo kuɗi aka ɗaga shi ya zama cikakken bene. Shekara 17 suka yi a ciki kuma shi ne gida ɗaya tak da ya taɓa mallaka a duniya.

Wadda ta shiga da mu wata mata ce cikin kaki da malafar nan mai faɗi, renja ake ce musu. Mu kaman goma sha biyar ne. Doka a bakin ƙofa, ka tsaya kan shimfiɗar da aka yi wa baƙi kar ka sauka, kar ka taɓa komai kar ka jingina da bango. Abu ɗaya aka yarda ka taɓa, katakon da ake dafawa in ana hawa bene, ta ce na asali ne shi ya riƙa dafawa, sai ka ga manya da furfura suna shafa shi a hankali kaman jariri, ni ma dai na dafa, ba don komai ba matattakalar a tsaye take kuma gwiwata ba ta da kirki. Falon baƙi da kujeru baƙaƙe na gashin doki, a nan ne wakilan jam'iyyar Republican suka zo a watan Mayun 1860 suka shaida masa shi aka tsayar takara. Falon iyali kuma inda aka ce a ƙasa yake kwanciya ya yi karatu sabida kujerun sun yi masa kaɗan, mutum ne mai ƙafa shida da inci huɗu. A sama ɗakinsa daban na matarsa daban, takardar bangon kuwa kai, zanen sai ya sa maka jiri, ban san yadda mutum ke barci a ciki ba. Madubin askinsa na can sama inda ni sai na yi ɗage. Ga wani ɗan tebur na rubutu ƙarami wanda ko sakatariyata ba za ta yarda ta zauna a kansa ba. A gidan nan ɗansu na biyu Eddie ya rasu a 1850 bai cika shekara huɗu ba, matar ta faɗi wannan a hankali, kowa ya yi shiru. Kicin da murhun ƙarfe, sai bayan gida can a tsakar gida, salga mai rami uku a jere, yaron nan ya yi ta dariya ya ce Kawu wai hira suke yi a ciki? Duk zagayen minti ashirin da 'yan kai ne. Gajere ne ƙwarai, amma in ka fito renjojin na tsaye a waje kuma ba sa gajiya da tambaya, a nan na ci ribata.

Don ni ba shugaban ƙasan na je nema ba, shi kowa ya san shi, yaƙin basasa da 'yanta bayi da harbin da aka yi masa a 1865. Abokin sana'a na je gani. Mutumin da karatunsa na aji duka in an haɗa bai wuce shekara guda ba, ya zauna a wani ƙauye New Salem daga 1831, ya yi tsaron kanti, ya buɗe nasa da wani abokinsa kantin ya karye ya bar shi da bashin da ya yi shekaru yana biya, ya riƙe gidan waya, ya yi aikin safiyo, yana aron littattafan shari'a wajen John Todd Stuart yana karantawa shi kaɗai, ba jami'a ba makarantar lauyoyi, a 1836 ya sami lasisi a 1837 ya tattaro ya dawo Springfield. Mu da muka yi shekara biyar a jami'a da guda a makarantar lauyoyi ta Bwari muna ta hura hanci. Abokan aiki uku ya yi a jere, Stuart, sai Stephen Logan, sai William Herndon daga 1844 har ya bar garin, kuma masu bin takardun kotu sun ƙirga ƙararraki sama da 5,000 da hannunsa ko na ofishinsa a ciki. Mafi yawa ba wasu manya ba ne, bashi ne, rikicin fili, sakin aure, ɓata suna, irin dai abin da ke cika mana tebur, kuɗin aikin ma sau da yawa dala biyar zuwa ashirin.

Abin da ya fi burge ni rangadin. Lokacin alƙali ne ke bin gundumomi yana zama kwana kaɗan a kowace, lauyoyi na biye da shi, sau biyu a shekara, bazara da kaka, kowane zagaye kusan wata uku, kan doki ko keken doki cikin laka, a kwana a masauki mutum biyu gado ɗaya, da safe ka haɗu da wanda za ka kare a bakin kotu ka ji bayaninsa a tsaye ka shiga. Alƙalin da suka fi yawo tare David Davis ne, shi ne daga baya ya jagoranci nema masa tikitin takara a 1860, Lincoln kuma ya naɗa shi kotun ƙoli. Ka ga ashe rangadin nan kamfen ne ba tare da an kira shi kamfen ba, duk ƙauyen da ya shiga an san shi an san labaransa na ban dariya. Takardunsa a cikin doguwar hular nan yake cusa su, ofis kuma kaca-kaca, Herndon ya ba da labarin wani ƙunshin takardu da Lincoln ya rubuta a kai cewa in ka nemi abu ko'ina ba ka gani ba duba nan. Da na ji wannan sai na ji kaman ɗan'uwana ne na jini.

Shari'ar da kowa ke so a ba shi labari ita ce ta 1858 a Beardstown. Ana tuhumar wani saurayi Duff Armstrong da kisa, ɗan wani tsohon abokinsa ne na New Salem da suka taɓa yin kokawa, uban ya rasu uwar ta nemi taimako. Shaida ya rantse ya ga dukan da idonsa cikin dare sabida farin wata, Lincoln ya bar shi ya maimaita ya sake maimaitawa har ya ɗaure kansa tamau, sannan ya ciro almanak, kalandar nan mai nuna fitowar wata da faɗuwarsa, ya nuna a wannan sa'ar watan ya yi ƙasa yana dab da faɗuwa. Aka sallami yaron, kuma bai karɓi ko sisi ba. Duk lauyan da ya taɓa titsiye shaida ya san daɗin wannan, ba ka fito da makaminka sai ya rufe wa kansa ƙofa. Amma kar a ɗauka lauyan talakawa ne kawai, kamfanin jirgin ƙasa na Illinois Central ma ya yi wa aiki, ya ci musu wata babbar shari'ar haraji da gundumar McLean, ya kai takardar kuɗinsa dala 5,000 suka tsaya jan ƙafa, sai da ya maka su kotu a 1857 sannan ya karɓa. Wannan kam na yi dariya har renjan ya juyo, na ce masa a ƙasarmu ma haka ne, wanda ya fi kuɗi shi ya fi wuyar biya.

Akwai guda da na ba yaron labari da kaina muna zaune kan benci a unguwar, don ba na so ya tafi da hoton waliyyi a kansa. A 1847 aka yi shari'ar, wani mai bayi daga Kentucky, Robert Matson, ya kawo wata mata Jane Bryant da 'ya'yanta huɗu gonarsa a Illinois inda doka ta hana bauta, suka gudu suka nemi 'yanci, aka je kotu. Lincoln na cikin shari'ar, amma a ɓangaren mai bayin ya tsaya. Ya sha kaye, kotu ta 'yanta su, daga baya iyalin suka ƙaura Laberiya. Kuma shi ɗin dai ne a 1841 ya tsaya gaban kotun ƙolin jihar ya ci shari'ar da ta tabbatar ba za a sayar da wata baƙar mata mai suna Nance ba. Yaron ya ce to Kawu wanne ne shi a ciki? Na ce duka biyun. Na san amsar da muke bayarwa a sana'a, kowa na da haƙƙin a tsaya masa, lauya ba shi ne alƙali ba, ni ma na sha faɗin haka in an tare ni a masallaci ana tambayata don me na kare wane. Amma mace da 'ya'ya huɗu za a mayar bauta fa. Ni dai ban iya wanke shi a wannan ba kuma ban ga dalilin da zai sa in yi ƙoƙari ba, na fi yarda da labarin mutum in an bar tabonsa a jiki.

Maganar soja yaron ne ya tayar, ya ga wani zane ya ce wai ya taɓa yin soja? Renjan ya yi murmushi ya ce ya yi, na wata uku bai cika ba. A 1832 ne, wani shugaban ƙabilar Sauk mai suna Black Hawk ya tsallako kogin Mississippi da mutanensa wajen dubu, har da mata da yara, yana son komawa ƙasar da aka raba su da ita, gwamna ya nemi 'yan sa-kai, Lincoln yana ɗan shekara 23 ba aikin kirki a hannu ya rubuta sunansa. Lokacin sojan sa-kai su ke zaɓen shugabansu, samarin yankinsu suka zaɓe shi kyaftin, kuma shi da hannunsa ya rubuta a 1859 cewa ba nasarar da ta taɓa faranta masa rai kaman wannan. Wata guda ya yi a kyaftin aka sallami rundunar, ya sake shiga har sau biyu a matsayin farabiti, ka ji fa, daga kyaftin zuwa farabiti ba tare da ya yi laifi ba. Bai taɓa shiga fagen daga ba ko sau ɗaya, abin da ya gani na yaƙi gawawwaki ne da ya taimaka aka binne. Da aka sallame su ma an sace dokinsa, da ƙafa da kwalekwale ya koma gida. Shekara 16 bayan haka yana majalisar tarayya, ana ta zuzuta jarumtakar wani ɗan takarar shugaban ƙasa Lewis Cass, sai ya miƙe ya ce ai shi ma gwarzon yaƙi ne, ya kai farmaki kan albasar daji kuma ya zubar da jini sosai a gumurzu da sauro. Ban san wani ɗan siyasa da zai yi wa kakinsa irin wannan ba'a ba, galibi wanda ya yi sati biyu a bariki sai ya mutu ana kiransa da muƙami. Shi yaƙin kansa ba abin dariya ba ne, a watan Agusta aka rutsa mutanen Black Hawk a bakin kogi a Bad Axe aka karkashe su har da matan da yaran. Kuma ka tuna wannan kyaftin na sauro shi ne ya zo ya zama babban kwamandan askarawa a yaƙin da ya ci rai sama da 600,000.

Daga gidan muka taka zuwa tsohuwar majalisar jihar, tafiyar minti goma, ginin dutse ruwan zuma a tsakiyar fili, shi ma ba a karɓi kuɗinmu ba. A gefen filin ga ginin jan bulo inda ofishinsu yake a hawa na uku daga 1843 zuwa wajen 1852, kotun tarayya na ƙasansu a hawa na biyu, wato saukowa kawai zai yi, a waje na tsaya na kalle shi ina hassada don ni sai na yi awa guda a go-sulo kafin in kai kotu. Tarihinsa na majalisa ma da faɗuwa ya fara, yana dawowa daga yaƙin 1832 ya tsaya takara ya zo na takwas cikin 13, duk da a akwatin ƙauyensu ya sami ƙuri'a 277 cikin 300. A 1834 ya ci, ya yi zango huɗu a jere a jam'iyyar Whig. Shi da wasu 'yan gundumarsu takwas, dogaye duka, su suka yi ta ƙulle-ƙulle har aka ɗauke babban birnin jiha daga Vandalia aka kawo Springfield, wato ya jawo wa mazaɓarsa aiki, siyasa dai ita ce siyasa. Ya kuma goyi bayan wani gagarumin shirin layin dogo da hanyoyin ruwa na sama da dala miliyan 10 a 1837 wanda ya jefa jihar cikin bashi na shekaru. A shekarar dai shi da wani ɗan majalisa Dan Stone su biyu rak suka sa hannu a takardar cewa bauta an gina ta kan zalunci, lokacin da faɗin haka ba ya kawo ƙuri'a.

Wanda ya kashe ni da dariya na Disambar 1840 ne. 'Yan Democrat na son a rufe zaman majalisa don a matse bankin jiha, su Lincoln suka shirya ƙaurace wa zaman don kar adadin ya cika, aka aika aka kamo wasu aka kulle ƙofa, da ya ga adadi ya cika sai ya buɗe taga ya dire. A banza kuma, an riga an ƙirga shi. A wani coci ma ake zaman lokacin don ginin majalisar bai gama ba. Nan take na tuna 2014 da 'yan majalisarmu suka haura get a Abuja, bambancin kawai su shiga suke son yi shi fita. Majalisar tarayya kuwa zango ɗaya ya yi, 1847 zuwa 1849, ya tsaya yana ƙure shugaba Polk a kan ya nuna takamaiman wurin da aka zubar da jinin da aka fake da shi aka shiga yaƙi da Meziko, mutanen gida ba su ji daɗi ba har suka laƙaba masa suna, ya dawo ya ci gaba da lauyancinsa. Ya nemi sanata a 1855 bai samu ba, ya sake a 1858 da Stephen Douglas bayan muhawara bakwai ya sake rasawa. A zauren wakilai na tsohuwar majalisar jihar nan ya yi jawabinsa kan bauta, na gidan da ya rabu biyu ba ya tsayuwa, a zauren kuma aka ajiye gawarsa a Mayun 1865, a harabar wajen kuma Obama ya ayyana takararsa a 2007. Zauren ƙarami ne, tebura da kyandir da alƙaluman gashin tsuntsu, ka tsaya minti biyar ba mai koro ka.

Abinci ne ya ɓata min rana, kuma ba zan faɗi sunan wurin ba. Garin na da wani abinci da suke alfahari da shi wai shi horseshoe, burodi gasasshe a ƙasa, nama a kai, a zuba soyayyen dankali tuli a malale da miyar cuku. Asalinsa da naman alade ake yi, to ku kula. Na yi wa yarinyar bayani dalla-dalla ba alade ba abin da ya taɓa alade, ta ce ba damuwa, muka jira minti arba'in, aka kawo an barbaɗa gutsattsarin alade a sama wai ado. Aka mayar, muka sake jira, ƙarshe kifi na ci ina hararar agogo. Ku taho da guzurinku daga Shikago, yayata ta ce in ɗauki dambun nama na ce ba sai na ɗauka ba, ta yi gaskiya. Sallah kuma kasaru muka yi a gefen wani ɗan lambu, ba wanda ya ko kalle mu.

Sai babban gidan tarihin da aka buɗe a 2005, shi ne na dala 15. Kar a fahimce ni ba daidai ba, yana da kyau kuma kuɗin bai yi yawa ba, yaron ma shi ya fi so. Mutum-mutumi ne kaman za su yi magana, ka shiga bukkar katakon yarintarsa ka fito ka shiga fadar White House, akwai wurin da aka nuna gwanjon bayi ana raba uwa da ɗa da miji wanda na kasa daɗewa a gabansa, akwai taswirar da ke nuna yaƙin basasa duka cikin minti huɗu adadin matattu na hawa a gefe, akwai wasan da ake yi da haske kaman fatalwa. Har ofishin lauyan sun kwaikwaya, yana kwance kan doguwar kujera yana karatu 'ya'yansa biyu na ta ɓarna da tawada. In da yara ka zo nan za ka fara kawo su, ka ware awa biyu zuwa uku. Ni dai ɗabi'ata ce, abin da aka ƙera don ya motsa ni ba ya kama ni kaman ɗan teburin can da madubin da ya fi ƙarfin tsayina.

Sabida abincin nan a guje muka je maƙabartar Oak Ridge da tasi, saura kaɗan a rufe. Doguwar hasumiya, a ciki shi da matarsa da 'ya'yansu uku, Robert ne kawai ba ya nan. A 1876 wasu 'yan jabun kuɗi sun yi yunƙurin sace gawar don a sako musu mutuminsu daga kurkuku, shi ya sa a 1901 aka binne shi ƙafa goma a ƙasa aka malale da kankare. A bakin ƙofa akwai ƙaton kansa na tagulla, hancin ya yi fari ƙal sabida shafar masu neman sa'a, yaron ya kai hannu na ce kai, a'a. New Salem kuwa mil ashirin ne daga gari kuma sai da mota, ba mu samu zuwa ba, shi ne abin da ke cina har yanzu, don can ne ƙauyen da samarin yankinsa suka zaɓe shi kyaftin. In zan sake, kwana zan yi, in yi gida da majalisa da safe, gidan tarihi da rana, washegari in ɗauki hayar mota.

A shagon tsaraba yaron ya sa na saya masa doguwar hular, ya sa ta a jirgi har Shikago ba kunya. Ni ban sayi komai ba. Amma ranar da na koma ofis na ɗauko wani tsohon fayil na rubuta a bayansa da maka, in ka duba ko'ina ba ka gani ba duba nan, na ajiye kan kabad. Sakatariyata ta karanta ta ce Yallaɓai ai duk ofishin nan ya kamata a rubuta wa haka a bakin ƙofa. Fayil ɗin yanzu ya fi kowanne kauri, jiya ma a ciki muka tsinci takardar filin da muka yi sati biyu muna nema.